Tawadar Kawu Mai Agogo

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, gyaran agogo ya yi tun yana saurayi, a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya a bakin titi. Har yau Mai Agogo ake kiransa, ko da yake tun da waya ta shiga aljihun kowa sai ya yini bai ga mai kawo gyara ba. Mutum ne shiru-shiru, mai son kowane abu ya zauna a mazauninsa. 'Ya ɗaya Allah ya ba su shi da matarsa, wadda muke kira Inna. Ita ce fari ita ce auta, amma sunan Auta ne ya bi ta. Ta yi karatun jinya, ta sami aiki a wata ƙasa mai nisa, ta tafi tare da mijinta. A can ta haifi 'ya mace mai manyan kumatu, Kawu ya laƙaba mata 'Yar Kumatu tun bai taɓa ɗaukarta ba.

Auta ba ta rowar hoto. Kusan kullum sai ta turo: ga yarinya tana barci, ga ta tana rarrafe, ga haƙori ya fito. Amma Kawu bai gamsu da waya ba.

"Wannan ba gani ba ne, leƙe ne," in ji shi. "Kana tsakiyar kallo sai fuskar waya ta yi duhu."

Da wani maƙwabcinsa zai tashi daga shago, sai Kawu ya sayi firintarsa ta buga hoto, irin mai tankuna a gefe, wadda ake tsiyaya wa tawada daga kwalba in ta ƙare. Ni ya kira na haɗa masa ita da waya, na nuna masa inda zai danna. Ba na manta hoton farko. Takarda na fitowa a hankali, goshi ya fara bayyana, sai idanu, sai kumatun. Kawu ya sunkuya ya dafa gwiwoyi, ko numfashin kirki ba ya yi. Inna, da ta kawo masa abinci, ta tsaya a bakin ƙofa tana dariya.

"Malam, ka zauna mana. Sai ka ce mai jiran haihuwa a ƙofar ɗaki."

Kafin shekara ta zagayo bangon shagon ya cika. Inda dā agogunan bango suke, yanzu 'Yar Kumatu ce jere-jere, daga zanen goyo har ta fara tafiya. Da tawadar da ta zo da firintar ta ƙare, sai ya sayo wata mai araha a kasuwa, ya cika tankunan. Ranar farko ba ta da makusa, launi raɗau.

Inna ce ta fara lura, bayan wasu watanni. Ta tsaya gaban hotunan da ke fuskantar taga, ta matso da fuska.

"Baban Auta, yarinyar nan lafiyarta ƙalau kuwa? Na ga ta yi kore."

Gaskiyarta. Rana ta shanye jan da ke cikin hotunan. Kumatun sun koɗe, jar rigar ta koma kalar toka, idanun kaɗai suka rage. Kawu ya ciro ɗaya ya riƙe yana kallo. Da Auta ta kira da yamma ya nuna mata, ita abin dariya ma ya ba ta.

"Haba Baba, ai hotunan na nan a waya. Ka sake bugawa mana."

"Na sani," in ji shi. "Ni dai ba na son ta riƙa ɓacewa ina zaune ina kallo."

Washegari ya sa hularsa ya tafi wurin wata mata mai sayar da tawada da takardun hoto. Ita ta warware masa. Ta ce tawada iri biyu ce. Akwai mai shiga cikin takarda kamar rini, ita ta fi ƙyalli, amma rana da ruwa ba sa raga mata, balle ta kasuwa da ba a san wanda ya haɗa ta ba. Akwai kuma mai garin launi a ciki, laushinsa ya fi kwalli, ita zama take yi bisa takarda, ba ta da ƙyalli sosai amma tana jimre wa shekaru.

"To ba ni mai garin."

"Baba, firintarka ba tata ba ce. In ka zuba mata, kan zai toshe."

Kawu ya ce wanda ya shekara talatin yana tura mai cikin ramin da bai kai kan allura ba, ba kan firinta ne zai gagare shi ba. Ya saya ya zuba. Bai yi sati ba fuskar 'Yar Kumatu ta fara fitowa da fararen layuka, daga nan takarda ta fito fara fat. Inna ta ce, "Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho." Kawu ya naɗe hannun riga. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin gyara, ya maƙala gilashin nan na masu agogo a ido, ya kwance kan firintar. Kwanaki yana tura masa ruwan wanki da sirinji, ɗigo-ɗigo, yatsunsa shuɗi da ja har cikin farce. Ya kuwa tashe ta. Ya koma wurin mai sayar da tawadar, ya cire hula ya ce ta fi shi gaskiya, ta ba shi tawadar kamfanin da ya ƙera firintar.

Daga nan ya shiga gwaji. Ya zaɓi hoto ɗaya, wanda yarinyar ke riƙe da cokali tana ɓaɓɓaka dariya. Ya buga da ragowar ta kasuwa, ya buga da ta kamfani, ya je wurin wani mai hoto da ke da babbar firinta aka buga masa da mai gari. Ya liƙa ukun a gilashin taga inda rana ta fi dukansu, ya ajiye irinsu a cikin durowa don kwatance. Wasu ya yayyafa musu ruwa, wasu ya ba Inna ta rataya kusa da murhu. Masu wucewa suka ɗauka talla yake yi.

Ta kasuwa ce ta fara sallamawa, ruwa na taɓa ta ma take zuba hawaye. Ta kamfani ta yi ta maza, sai da ta daɗe kafin ta ɗan dushe, wadda aka sa a firam mai gilashi kuwa kamar jiya aka buga ta. Mai gari ko gezau, sai dai Kawu ya ce fuskar ba ta da wannan sheƙin na fatar yaro. Ya yanke wa kansa hukunci: ta kamfani, takarda mai kauri, firam, kuma a bangon da rana ba ta kai. Mutanen unguwa da ke da 'ya'ya a nesa suka fara kawo masa wayoyinsu. Shagon da ya yi tsit ya sake samun masu zama a benci, kowa da labarin nasa ɗan.

Duk wannan lokacin Auta na cewa suna nan tafe. Aka sa lokaci, Kawu ya yi wa ɗakinta fenti, sai hutu bai samu ba. Aka sake sa wani, sai takardun tafiyar yarinyar suka maƙale. Kawu ba ya ƙorafi. "Allah ya kai mu," yake cewa, ya ajiye waya, ya ɗauko tsumma ya hau goge firam ɗin da ba su da ƙura.

Sai da 'Yar Kumatu ta shiga makaranta sannan suka zo. Ina cikin masu taryarsu. Yarinyar da ta sauko daga mota doguwa ce siririya, ba kumatu ko kaɗan, haƙoran gaba sun faɗi. Kawu ya buɗe hannu, ita kuwa ta ɓuya bayan uwarta.

"Je ki gaida Kaka mana," in ji Auta.

"Ƙyale ta," in ji Kawu. "Ni na san ta, ita ce ba ta san ni ba."

Bai matsa mata ba. Da safe ya buɗe shago ya zauna yana kwance wani tsohon agogo. Can sai ga ta a bakin ƙofa. Ta dubi bangon nan cike da fuskarta, ta buɗe baki. Hausarta guntu-guntu ce, amma ta iya tambaya.

"Duk ni?"

"Duk ke, amaryata. Ina kika kai kumatun da na biya sadaki a kansu?"

Ba ta gane ba, amma ta ga yana dariya, ita ma ta yi. Ya maƙala mata gilashin agogo a ido ta leƙa cikin ƙarafan da ke motsi. Tun daga ranar ta zama jelarsa. Tare suke buɗe shago, tare suke sayo burodi, a cinyarsa take barcin rana. Har suka tafi bai buga hoto ko ɗaya ba, firintar na lulluɓe da ƙyalle.

Hutun gajere ne. Ranar komawa yarinyar ta ƙanƙame wuyansa sai da aka ɓamɓare ta. Kawu ya tsaya a titi har motar ta sha kwana, sannan ya shiga gida ya zauna gefen gadon da suka kwana. Inna ta tsinci takalmin yarinyar ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera, ta ce a ba wani mai tafiya ya kai musu.

"Bar shi," in ji Kawu. "Kafin ya isa ma ya yi mata kaɗan."

Yana nan a shagon har yanzu, gashi ya yi fari fat, yana buga wa jama'a hotunan 'ya'yansu. Ranar da na je gaishe shi kwanan baya, na tarar yana koyon ƙirga da harshen ƙasar da jikarsa take, daga bakin wani direba da ya taɓa zama can. Sai karkace baki yake yi, direban na gyara masa. Ya ce yarinyar ta yi alkawarin za ta yi masa jarrabawa a waya ƙarshen mako, ba ya so ya faɗi.