Mai Hannu Dubu a Ƙofar Bas

Tana gabana a layin bas na Oxford Road, tsohuwa gajeriya, da alama 'yar China ce, da rigar aikin asibiti. Ina jin ta shekara talatin tana tura gadon marasa lafiya. Abin wuyanta ƙafafu rututu, na ɗauka gizo-gizo ne.

"Mama, hannaye ne," in ji 'yata Hikma. "Mun karanta a jami'a. Siffar mai hannu dubu ce, masu addinin Buddha suna ce masa bodhisattva, wanda ya kai ƙofar tsira ya ƙi shiga sai kowa ya shiga. Kowane hannu na wani mabuƙaci ne."

Ga bas ta zo. Wani dattijo a keken guragu yana can baya yana fama, direba kuwa yana shirin rufe ƙofa. Sai tsohuwar ta kafa ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Fasinjoji suna ta tsaki.

"Ki shiga ko ki sauka!" in ji direba.

"Shi tukuna," ta ce, ko gezau.

Addininta ba nawa ba ne. Amma mu ashirin ne a layin nan, hannu arba'in, duk a aljihu.