Bakin Ciki na Madauri

Shekarar da kamfanin saƙa ya sallami ma'aikatansa, a cikinta ne Akawu, mai riƙe wa kamfanin lissafi, ya fara sa ƙafa a shagon Baduku. Shekarunsa arba'in da huɗu, ga tabarau, ga 'ya'ya biyar, hannunsa kuwa bai taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba. Shagon ɗaki ɗaya ne a bayan tasha, taga ɗaya, benci ɗaya, fatu rataye a ƙusa, warin jima ya kama bango ya zauna.

Baduku ya juya tafin hannun Akawu ya duba. "Wannan ai hannun amarya ne," in ji shi. "Zauna dai mu gani."

Ya koya masa huda da basilla, rami bakwai a tsawon yatsa, ba shida ba, ba takwas ba. Ya koya masa shafa wa zare kaki, da ɗinki da allura biyu, kowace ta bi ramin 'yar'uwarta, don in zare ɗaya ya tsinke ɗayan ya riƙe. Wannan Akawu ya kama da wuri, tun da lissafi ne. Abin da ya ƙi shiga ransa shi ne gyaran baki. In an yanka fata, bakinta kaifi gare shi. Sai a fere shi da aska, a jiƙa, a shafa kaki, a yi ta gurza da ƙashin saniya har ya yi sulɓi.

"Baba, har bakin ciki? Wa zai leƙa ciki?"

"Ƙafa za ta leƙa," in ji Baduku. "Ita ba a ruɗinta da ƙyalli."

A wata na biyar Masinjan gidan waya ya ba da aikin takalmi. Mutum ne mai fara'a, kullum yana tafe da jakar wasiƙu, kuma kowa ya san yana da ciwon suga. Ranar Baduku na kwance da zazzaɓi, aikin ya faɗo hannun Akawu. Ya gurji bakin waje na madaurin har yana ɗaukar ido. Na ciki kuwa ya dube shi, ya tuna autarsa ba ta da lafiya a gida, ya bar shi yadda wuƙa ta bar shi.

Ƙafar mai suga ba ta saurin jin ciwo. Kwana tara Masinja yana yawo madauri na cinsa. Kafin a kai shi asibiti ƙafar ta yi baƙi. Aka yanke ta ƙasan gwiwa.

Ƙanin Masinja ya zo shago ya jefa takalmin a kan benci. "Wane marar imanin ne ya yi wannan?"

Akawu na zaune da allura a hannu. Baduku ya ɗauki takalmin, ya bi bakin ciki da babban yatsa sau ɗaya. Bai dubi Akawu ba.

"Tambarina ne a jiki," in ji shi. "Aikina ne."

Daga nan mutane suka ɗauke ƙafa daga shagon. Sunan da tsohon ya yi shekara talatin yana ginawa ya zube, Masinja kuma ya rantse ba zai yafe masa ba, duniya da lahira. Baduku bai taɓa tayar da maganar ba. Kowace safiya dai sai ya miƙa wa Akawu ƙashin nan. Bayan shekara biyu ya rasu, 'yan rakiyarsa ba su cika goma ba. Ya bar wa Akawu basilla da ƙashi da tambarin ƙarfe.

Sau uku Akawu yana zuwa ƙofar gidan Masinja don ya faɗi gaskiya, sau uku tsoro na mai da shi. A na ukun ya hango shi zaune, ƙafar katako jingine a gefe, dungulmin ya yi jawur saboda madaurin robar yana gurzarsa.

Ya auna da ido ya koma shago. Ya ɗinka madauri da matashi na fatar tunkiya mai laushi, ya kwana uku yana gurzar baki, ciki da waje. Sannan ya buga tambarin Baduku, ya kai wa 'yar Masinja.

"Baba Baduku ne ya ɗinka kafin ya rasu. Ya ce a kawo wa mahaifinki."

Kowace shekara, in wancan ya tsufa, sai ya kai sabo. "Cikin waɗanda ya bari ne," haka yake cewa. A shekara ta bakwai 'yar ta tsai da shi a ƙofa.

"Kawu, Babana ya ce wai tsohon nan guda nawa ya ɗinka ne? Ya ce kuma a gaya maka, ya yafe masa."

Akawu ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai nemi tasa yafiyar ba, don in ya nema sai ya ƙwace wa tsohon wadda ya samu.

Akawu ya rasu shekara goma sha biyu bayan haka, Masinja na nan da rai. Da 'ya'yansa suka zo kwashe shago, suka tarar da madauri huɗu a ƙarƙashin benci, an gama su, an buga musu tambarin Baduku. Kowane da 'yar takarda a jiki, da rubutun akawu mai tsabta, an sa shekarar da za a kai shi.