Fuskar Motar Da Ruwa Ya Ci

Akwai wata rana da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba, ranar da wata tsohuwa ta zura hannu cikin fuskar motata ta ciro abin da ni mai motar ban san yana wurin ba. Na daɗe da barin tuƙi, idona ma ya yi rauni, amma har yau in na zauna shiru sai in ga hannun nan nata yana lalube a tsakanin ƙarafa.

Lokacin ba a ma yanke mana Kebbi daga Sakkwato ba. Ina jan wata tsohuwar babbar mota, roka, mai bodin katako tsakanin Gwandu da Kalgo, in kai gero da albasa, in dawo da shinkafa da busasshen kifi, fasinja kuma su hau saman kaya. Ba na bin babban titi kai tsaye, nakan ratsa ta ƙauyuka don in cika lodi, kuma Ceberu na cikin wuraren da nake bi. A ƙauyen nan akwai wata tsohuwa da ta fi shekara tana jiran ɗanta direba, wanda kowa ya san ya mutu, ban da ita. Ni a lokacin ban san da zamanta ba.

Ni mutum ne mai son ado, ba na musun wannan. Kuma a wurinmu direbobin wancan zamani adon mota yana fuskarta, wato ragar ƙarfen nan ta gaba da ke kare lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, wadda fitilu ke zaune dama da hagunta. A rumfar mai shayi ta tashar Gwandu babu gardamar da ta fi wannan zafi. Wasu su ce sababbin motoci masu shafaffen gaba su ne na 'yan birni. Ni kuwa in ce waɗannan akwatuna ne aka sa wa taya, mota in ba ta da hanci da kumatu ba ta da kwarjini. Abin takaicin shi ne mai wannan dogon bakin, wato ni, fuskar motarsa ta fi ta kowa muni. Wani bijimi ya taɓa kai mata karo, haƙoranta suka karye, na ɗaure sauran da waya. Da na buɗe baki sai wani ya ce, “Kai dai yi shiru, mai wawulo.” Abin yana cin raina, sai dai in yi dariyar yaƙe.

Wata rana a Kalgo na je wurin wani mai walda da ke sayar da tsofaffin ƙarafan mota a bayan tasha, sai na hangi wata fuskar mota jingine da bango. Wallahi ban taɓa ganin fuska irinta ba. An yi mata fenti kore da ruwan ƙwai, an sa maƙeri ya lanƙwasa farin ƙarfe a saman gurbin kowace fitila kamar gira, a tsakiya kuma ga jinjirin wata na tagulla. Na tambayi mai waldar inda ta fito, ya ce, “Cikin ƙarahunan da anka jawo daga hwadama da rani ta.” Ban ƙara tambaya ba, shi ma bai ƙara bayani ba. Ya dai ce in bari ya kankare fentin ya yi mata sabo, kamar yadda ake yi wa duk fuskar da ta canza mota. Na ce ai fentin nan shi na saya, kada ya kuskura ya taɓa shi. Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya cire tawa mai wawulo ya ajiye a gefe, ya ɗaura mini wannan.

Abin da ban yi tunani ba shi ne mutanen ƙauye ba sa karanta lambar mota. Fuska suke dubawa. Tun daga nesa mace mai tallar nono za ta ce ga motar wane can, ta san ko za ta ɗaga hannu ko za ta bar ta ta wuce. Wannan ne dalilin da ya sa ake sake fenti, ni kuwa na ɗauka al'adar banza ce ta masu son cin kuɗin mutane.

A tashar Gwandu na sha yabo, har masu tsokanata suka zagaye motar suna shafa giran nan. Ranar kasuwa ta zagayo na yi lodi na kama hanya ina jin kaina. Ban yi nisa ba na fara ganin abin da ban gane ba. Fulanin da suka saba tare ni da ƙoren nono a bakin hanya ba wadda ta ɗaga hannu. Ɗaya ta sauke ƙwaryarta a ƙasa ta toshe baki da hannu biyu. Manoma a gona suka miƙe tsaye riƙe da fartanya suna bi na da ido har na wuce. Wani mai keke ya saki hanya ya faɗa cikin gero, bai ko waiwayo ba. Na yi ham, ba wanda ya amsa da hannu.

Da rana ta take na shiga Ceberu. Yawanci kafin in tsaya an kewaye motar, wannan na miƙo buhu, wancan na neman wuri. Ran nan ko kaza ban gani ba. Daidai wata babbar tsamiya da ke bakin gari, inda ban taɓa tsayawa ba, sai injin ya yi tari ya mutu. Na yi ta ba ta wuta, ta ƙi. Na sauko. A gindin tsamiyar an shimfiɗa tabarma, an ajiye buta da ƙwarya rufe da faifai, amma babu kowa. Fasinjojin da ke saman kaya, waɗanda tun Gwandu suke surutu, suka shiga waige-waige. Ina jin ana kallona ta tsakanin zana, amma ban ga ido ko ɗaya ba. Tsigar jikina ta tashi alhali rana na dukan ƙeyata. Bayan wani lokaci na sake murza makulli, motar ta tashi lafiya lau kamar ba abin da ya same ta.

Da na dawo daga Kalgo washegari, a wurin nan dai ta sake mutuwa. Wannan karon wani dattijo ya fito daga wani zaure yana sauri, ya yi mini sallama, amma idonsa na kan motar. Ya ce, “Ɗana, huskag ga ba taka ba ta. Ina kas samo ta?” Na gaya masa. Ya yi salati, ya ja ni bayan motar inda ba a hango mu daga gari, ya ba ni labari.

Fuskar ta motar ɗan yayarsa ce. Direba ne, shi ya sa aka yi mata giran da jinjirin watan, kuma duk ranar kasuwa a gindin tsamiyar nan yake tsayawa, uwarsa ta miƙa masa fura. A daminar da ta gabata ya shiga wani mashigi a fadamar bayan Kalgo, ruwa ya ƙaru farat ɗaya ya tafi da shi da motar. An yi nema har an gaji, ba a ga gawa ba. Dattijon ya ce, “Da munka hwaɗa mata, sai tac ce ku kawo min gawa ko ku kawo min mota, in ba haka ba ɗana shina hanya.” Ta hana a yi zaman makoki, ta hana a ce masa marigayi a gabanta. Duk ranar kasuwa sai ta dama fura ta fito ta zauna har la'asar. Jiya da aka hango ni tafe, shi da matan gida suka ɗauke ta cak suka shigar da ita ɗaki. Amma labari ya riga ya kai kunnenta cewa an ga motar, kuma tun jiyan ba ta sa komai a baki ba, ta ce ɗanta ya zo sun ɓoye mata shi. Ya riƙe hannuna ya ce, “Don Allah kak ka ƙara biyowa da ita. In tag gane ta, tag ga wani ga sitiyari, ban san abin da za ya hwaru ba.”

Na rantse masa zan cire ta. Sai dai tsohuwar fuskata tana Kalgo, kuma ruwan da aka yi a kwanakin ya yanke ɗaya hanyar, dole in sake bi ta Ceberu kafin in kai wurin mai walda. Na kwana ina juya abin, da safe na yi dabarar da har yau nake mamakin yadda direba mai hankali zai yi ta. Na samo buhun algarara na lulluɓe fuskar gaba ɗaya, na ɗaure da igiya. Ko ɗan koyo ya san in ka toshe wa lagireto iska injin zai yi zafi, amma ni hankalina na kan tsohuwar, na ce zan taka wuta in wuce garin kafin a ankara.

Ban wuce ba. Ina isowa tsamiyar tururi ya turnuƙe gaban motar, ta ja ta tsaya. Tsohuwar kuwa tana zaune a kan tabarmarta. Ashe tun asuba ta fito, ta ce duk wanda ya taɓa ta ba ta yafe ba. 'Yar ƙaramar mace ce, ta rame ƙwarai, idanunta sun yi fari da yana. Ta miƙe ba sanda, ta nufo motar kai tsaye. Mutanen gari suka firfito suka tsaya nesa. Ni ina cikin mota, hannuna a kan sitiyari, na kasa sauka. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma ba tsoron aljani ba ne, tsoron abin da zan ce mata ne.

Ta lalubo igiyar ta kwance, buhun ya faɗi ƙasa. Ta shafa gira ɗaya, ta shafa ɗayar, ta shafa jinjirin watan, tana murmushi. Na sauko da sauri na ce, “Inna, da zahi, za ki ƙone.” Ba ta ko juyo ba. Ta zura siririn hannunta ta tsakanin ƙarafan, can ƙasa ta hagu, a wani lungu da ni da mai walda ba wanda ya leƙa, ta yi ta murɗa wata waya har ta tsinke. Ta fito da laya. Ita ta ɗinka ta, ita ta ɗaura ta da hannunta ranar da ɗanta ya fara jan motar, kamar yadda dattijon ya gaya mini daga baya.

Fatar layar ta ƙandare, laka ta bushe a jikinta, ga wani ɗan ƙwanson dodon koɗi manne a gefe. Ta murza lakar da babban yatsa ta zube. Ta taɓa ƙwanson. Ta kai layar hanci ta shinshina, ta daɗe a haka, murmushin ya bar fuskarta a hankali. Sai ta ce, ba da ƙarfi ba, “Ta daɗe cikin gulbi.” Ta juyo wajen da ta ji muryata ta ce, “Kai wa ka tuƙa ta?” Na ce, “Ni na, Inna. Huskar kaɗai nis saya, Kalgo. Daga hwadama anka jawo ta.” Na tsaya ina jiran ta faɗi ko ta tsine mini.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗaure layar a bakin zanenta, ta ɗaga hannu biyu ta ce, “Allah shi jiƙan ɗana.” Dattijon ne ya fara cewa amin, sannan sauran mutane. Daga cikin gidaje kuka ya tashi, kukan da aka riƙe fiye da shekara saboda ita. Ni kaina na tsinci hawaye na zuba a gemuna, a kan mutumin da ban taɓa gani ba. Tsohuwar ta koma tabarma ta ɗauko ƙwaryar, ta buɗe faifan, ta miƙo mini. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, “Sha. Kai kak kawo shi gida.” Na sha, ita ma ta karɓa ta sha sauran, abin da ya fara shiga cikinta ke nan a kwanakin.

A wurin na ari sifana na kwance fuskar, na bar musu ita jingine da tsamiya, na tafi Kalgo da lagireto a fili. Mai walda ya mayar mini da tawa mai wawulo. Da na ba shi labari ya ce ƙarafan waccan sun fi na asali matsewa, iska ba ta shiga sosai, shi ya sa injin ke ɗaukar zafi bayan yashin da ke gab da garin. Na ce na ji. Amma har yau bai gaya mini dalilin da ya sa sai a gindin tsamiyar ba, har a dawowa da babu yashi ta wancan gefen.

Motar ba ta sake mutuwa a wurin ba, ni ne dai na riƙa tsayawa da kaina duk ranar kasuwa in gaishe da Inna, har Allah ya karɓi ranta. A tashar Gwandu aka ci gaba da kira na mai wawulo, ban ƙara jin haushi ba, na kuma daina sa baki in ana gardamar wace fuska ta fi kyau. Abin da na koya shi ne fuskar mota ba ta direba ba ce shi kaɗai, ta masu jiransa ce a bakin hanya. Tun daga ran nan, duk abin da na gani ya burge ni a hannun mai sayar da tsofaffin kaya, kafin in tambayi kuɗinsa sai na tambayi na wane ne, da kuma wanda ya bari a gida.