Dutsen da Kaka Ladi Ta Ture

Har yau in wani ya ce zai yi mini bayanin Triniti da misali, sai kaina ya fara sarawa. Na sha misalai tun ina yaro, sun ishe ni.

Shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki, muna haya a bayan Ƙofar Ƙaura. Mu Kiristoci ne, daga wani ƙauye wajen Malumfashi aikin birkila ya kawo babana Katsina. Ina ajin baftisma, kuma ranar Asabar dattawan ikilisiya za su yi mana tambayoyi. Wanda ya kasa sai baɗi, yana tsaye a bakin ruwa yana kallon sa'o'insa. Tambayar da ta tsaya mini a wuya ita ce yadda Allah yake ɗaya, alhali muna cewa Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Na kawo ta gida bayan tuwo, gida ya koma kamar rediyon lokacin, kowa da jam'iyyarsa. Baba ya ce in dubi rana da haskenta da zafinta. Kawu Bitrus ya ce ina, ƙwai ne: ɓawo, fari, gwaiduwa. Inna ta nuna mini murhu, duwatsu uku, tukunya ɗaya. Suka bar ni tsaye suka kama musu.

Kaka Ladi, uwar babana, tana gefen wuta tana gasa mana rogo. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Abin da aka karanta a majami'a a ka take riƙe shi. Ta ɗauki muciya ta ture dutse ɗaya. Tukunya ta karkata, ruwa ya kashe rabin wutar, Inna ta hau faɗa.

"Ga misalinki nan ya zube," in ji Kaka. "Allah ba a raba shi kashi-kashi. Kai, zauna."

Ta buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku" kamar kullum, amma ta ja mana kunne cewa wannan ba ta Gizo ba ce, ta faru. Wani Yohanna ne, mai rigar gashin raƙumi, mai cin fara da zuma, yake yi wa mutane baftisma a kogin Urdun. Yesu ya zo ya shiga layi. Yohanna ya so ya ƙi, Yesu ya ce ya yi. Fitowarsa daga ruwa ke nan sama ta buɗe, Ruhu ya sauko masa kamar kurciya, murya daga sama ta kira shi Ɗa ƙaunatacce.

Na ce ai uku ke nan.

"Ɗaya ne," ta ce. "Ba mu muka tsara shi ba, shi ya nuna kansa haka. In baƙo ya gaya maka sunansa, kai za ka gyara masa?"

Ran Asabar Malam Dauda mai bishara ya jefo mini tambayar nan ɗin. Rana da ƙwai da murhu duk suka gudu daga kaina. Sai na ji bakina ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Wani dattijo da ke gyangyaɗi ya amsa, "Ta zo mu ji ta." Aka tuntsire da dariya. Malam Dauda ya ɗaure fuska ya ce nan ba dandali ba ne, amma tunda babba ya ba da izini, na kai labarin ƙarshe. Ya tambaye ni Allah nawa ne, na ce ɗaya. Ta yaya? Na ce ban sani ba, haka ya nuna kansa. Suka yi ƙus-ƙus. Tare da sa'o'ina na shiga ruwa.

Ga ni da furfura, karatuna bai wuce firamare ba, kuma bayanin har yanzu ya fi ƙarfina. Abin da na gane kawai, duk misalin da muka ƙera, abin da muke iya ɗagawa da hannu ne, shi ya sa yake zubewa. Makon jiya 'yata Rifkatu ta dawo daga ajin baftisma tana yi mini lissafin ruwa da ƙanƙara da tururi. Na leƙa kicin, risho ne, babu dutsen da zan ture. Na yi tsaki, na ce ta jawo kujera ta zauna.