Fatar saniyar da ta ci mini miji

Gaisuwa ga masu karatu. Ban taɓa ba wani wannan labari ba, sai yanzu da furfura ta cire mini kunya. A shekarun da ake gina madatsar ruwan Bakolori ni yarinya ce da goyon fari, ina auren mahauci a Talata Mafara. Gidansu gidan Rundawa ne, fawa gado, kuma ƙanen mahaifinsa, wanda muke ce wa Baffa, shi ke riƙe da gidan da wuƙar. Lokacin kasuwa ta buɗe musu, don ma'aikatan madatsa sun cika gari, kullum sai an kai nama sansaninsu.

Wata rana aka kawo saniya daga wajen Damri, cikin shanun da ke kiwo inda katafila ta tone ƙasa ana fitar da hanyar ruwa. Da safe lafiyarta lau, kafin azahar ta faɗi tana karkarwa. Kowa ya san abin da ake yi: a riga ta da wuƙa kafin rai ya fita, kada ta zama mushe. Aka yanka, maigidana ya yi fiɗa. Da ya shigo ya ce mini jinin baƙi ne kuma ya ƙi daskarewa, saifar ta kumbura ta kusa cika tasa. Baffa ya sa aka binne saifar, aka kai naman sansani, aka kafe fatar a bayan gida tana bushewa.

Ba a jima ba wani ƙurji ya fito wa maigidana a hannu, inda wuƙa ta ɗan karce shi. Ƙaiƙayi kawai yake yi, ba zafi. Sai tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, hannu ya hau kumburi, zazzaɓi ya kwantar da shi. Na durƙusa gaban Baffa na roƙi a kai shi asibiti. Ya ce ɗan Rundawa ba ya kai ciwon wuƙa wurin likita, suna da maganinsu tun kakanni. Ni kuwa na san ba gado yake karewa ba. Tsoronsa kada likita ya tambayi wace dabba aka feɗe, magana ta kai sansani a daina karɓar namansa. Na so in faɗa, amma kunyar surukuta ta ɗaure mini baki.

Da kumburin ya wuce gwiwar hannu na daina jiran izini. Na zaga bayan gida na yanko guntun fatar nan, na ƙunshe a tsumma, na ce zan je gidanmu, na zarce ofishin malamin dabbobi. Ko da na kwatanta masa saifar da ƙurjin, sai ya hana ni sake taɓa ƙunshin, ya sa na wanke hannu da magani. Ya ce yana zargin cutar saifa ce, ƙwayarta tana daɗewa kwance a ƙasa, dabba ta ɗauka a kiwo, mutum ya ɗauka a jini ko fata. Zai aika guntun fatar ɗakin gwaji a Sakkwato a duba da madubin likita a tabbatar, amma kada mu jira, a kai mara lafiya asibiti yau. Har gida ya biyo ni don ya faɗa da bakinsa. Baffa ya tare shi a zaure, ya ce zato ba shaida ba ne, in gwajin ya fito sai a yi magana. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke ɗiyar nan, mi kinka sani ga fawa? Kin ɗauki asirin gidanmu kin kai kasuwa."

Sai da kumburi ya kama wuya, numfashi ya fara sarƙewa, sannan aka nemo mota. Likita ya ce allurar ciwon tana nan cikin kabad ɗinsu, da an zo da wuri. Maigidana bai kwana biyu a asibitin ba ya rasu. Ina cikin takaba sakamakon ya iso, ya tabbatar da abin da malamin ya faɗa. Aka ƙone fatar, aka tsayar da yanka a gidan na ɗan lokaci, kuma a kaina aka ɗora laifin. Matan gidan suka daina cin abinci da ni, wai na kashe musu kasuwa. Wanda ya mutu kuwa, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta tsaya a zaure ta hana a nemo mota ba.

Abin da na koya shi ne, kunyar da za ta sa ka kalli mutum yana mutuwa ba tarbiyya ba ce. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, a bar ta, a kira masu duba dabbobi. Wuƙa tana halatta nama, ba ta kashe cuta. Ƙurji mai baƙin kai a jikin mai taɓa nama ko fata, a tafi asibiti ko wa ya hana. Bayan sakamakon nan hukuma ta kawo rigakafin shanu kyauta. Ina leƙe ta katanga da ɗan marayana a baya, na ga wanda ya fara kora shanunsa zuwa layi tun da sassafe. Baffa ne.