Ramukan da Suka Riƙa Bayyana a Ciyawar Ƙofar Gidanmu

Shekarun baya, yayana da ke aiki a birni ya ce zai yi wa mahaifiyarmu gata. Ya turo masu aiki har Ƙanƙara suka shimfiɗa ciyawar roba a ƙofar gidanmu, daga bakin zaure zuwa jikin katangar maƙwabcinmu. Ranar da aka gama, mutane suka riƙa tsayawa suna shafawa. Ni kuwa da yamma nakan fito da kujera in harɗe ƙafa, kai ka ce da gumina aka saye ta.

Ƙasar unguwarmu laka ce. Da rani ta tsage, da damina ta riƙe ruwa kamar kwano. Masu aikin ba su damu da wannan ba, yashi kaɗan suka watsa suka ɗora ciyawar suka kama hanya. Ruwan farko da ya sauka, wurin ya fara kumbura nan, ya lotsa can. In ka taka sai ka ji ruwa na motsi a ƙarƙashin ƙafarka.

Ana cikin haka sai ramuka suka fara bayyana. Ƙanana ne, yatsa zai shiga, a jere ta gefen katangar maƙwabci. Kullum aka wayi gari sai an ga sababbi.

Mahaifiyata ta sunkuya ta duba, ta miƙe tana kaɗa kai. Ta ce, "Wannan ba aikin ɓera ba ne. Ɓera bai san layi ba."

Abokina da ya zo daga Mairuwa cin kasuwa shi ya ƙara rura wutar. Ya ja ni gefe ya ce, "Kai dai ba ka san mutane ba. An ga kun samu abin da babu a layin nan. Asiri ake binne maku, ka tashi tsaye."

Na yi dariya a gabansa, amma maganar ta zauna mini. Na fara kallon kowa da wani ido. Mai kawo mana ruwa in ya daɗe a ƙofa sai in tsargu. Hatta akuyar da ke zuwa ta shinshina ciyawar ta tafi da takaici, sai da na bincika ta wace ce. Mahaifiyata kuma ta daina zama a waje, ta hana jikokinta wasa a wurin.

Wata safiya bayan sallar asuba na ƙi komawa barci, na zauna cikin zaure na bar ƙofa a ɗan buɗe. Gari ya fara haske sai ga maƙwabcinmu. Dattijo ne, abokin marigayi mahaifina, a gabansa aka haife mu duka, Baba muke ce masa. Ya waiga dama da hagu, ya tsuguna, ya zaro wani guntun rodi daga cikin rigarsa ya fara caka wa ciyawar.

Duk zarge-zargen da na yi, shi kaɗai ne bai taɓa zuwa raina ba. Na so in koma ciki in yi kamar ban gani ba, amma ƙafata ta riga ta fita.

Na ce, "Baba, ina kwana."

Ya zabura, rodin ya faɗi. Ya amsa gaisuwar yana kallon ƙasa.

Na ce, "Baba, mi muka yi maka?"

Ya miƙe ya ce, "Biyo ni, ɗana."

Ya kai ni cikin gidansa, ɗakin da ke jingine da katangar. Ginin ƙasa ne. Daga ƙasa har gwiwa ya jiƙe ya yi baƙi, ya danna da yatsa sai ga shi ya shige. A gindin bangon matarsa ce kwance, ta daɗe tana fama da ciwon ƙafa. Ashe duk ruwan da ciyawarmu ta tara, lakar ba ta shanyewa, jikin gininsa yake gangarawa ya kwanta. Shi kuma yana huda ta ne ko ruwan zai samu hanyar nutsewa.

Na ce, "Haba Baba, mi ya hana ka faɗa mana?"

Ya ce, "Yaro ya yi ma uwarshi abin arziki, ni in zo in ce a ɗaga? Sai a ce tsohon nan baƙin ciki yake."

Da na ba mahaifiyata labari, mayafi kawai ta ɗauka ta shiga gidan. Ranar aka dawo da matar Baba gidanmu, ɗakin mahaifiyata. Mu kuma muka naɗe ciyawar kamar tabarma, muka kwashe lakar sama, muka zuba tsakuwa da yashi muka daddaɓe, aka karkata wurin ya fuskanci lambatu. Muka yanke gefen da ya sha huda, muka bar tazara tsakaninta da katanga, da guntayen muka liƙe sauran wuraren da suka yage. Da ƙasa ta sha iska aka yi wa ginin Baba sabon yaɓe. Yayana da ya ji a waya, salati ya yi ta yi.

Ban taɓa gaya wa Baba abin da muka ɗauka yana yi ba, har Allah ya karɓi abinsa. Amma nakan tuna yadda muka zauna, mu muna tsoronsa, shi yana jin nauyinmu, ruwa kuma na cin bango a tsakani. Yanzu in abu ya ɗaure mini kai game da mutum, nakan je in gaishe shi in tambaya. Da na ƙara mako ina leƙe ta zaure, bangon ne zai ba ni amsa, kuma akwai mutum kwance a gindinsa.