Tiyar Dabino da Sunan Mai Tike

Abin da na fara gani a jikinta yatsunta ne. Ta miƙo hannu ta ɗauki littafi a kan teburina, sai na ga kawunan yatsun sun yi shuɗi mai duhu. Na ɗauka wani sabon lalle ne ya shigo daga Damagaram, har na fara shirya kalmomin da zan yaba shi da su. Ta lura da inda nake kallo, ta ce, "Tawada ce, malam. Ba kwalliya ba ce."

A lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, bayan karya darajar sefa da kaɗan. Babana yana da kantin atamfa a bakin kasuwar Gure, ni kuma na samu kusurwa guda na kafa tebur ina ba da hayar littattafan soyayya. Daga Kano suke zuwa, a cuse cikin dilar yadi, suna ƙamshin sabuwar atamfa. Lakwal, wato makarantar boko, ba ta karɓe ni ba, Faransanci ya ƙi zama a kaina. Amma waɗannan littattafai sun koya mini karatun Hausar boko har na fi kowa gudu a unguwarmu. Na karanta su har na fara ganin duniya da idonsu. Duk yarinyar da ta wuce da tulu, sai in ba ta labari a raina, da mota da hawaye da wasiƙa.

Wannan kuwa ba hayar littafi ta zo ba. Ta buɗe shafi, ta motsa leɓɓanta kaɗan, ta rufe.

"An ce kai ne ka iya rubuta Hausa."

"An faɗi gaskiya, ranki ya daɗe."

"Bar ran nan ya huta. Aiki nake so ka yi mini."

Na san ta daga nesa, kowa ya san ta. Ita ce mai buga takardu a biro, ofishin da ake tattara lanho, wato haraji, da kuɗin kasuwa. In ka bi ta bayan taga da hantsi za ka ji ƙarar mashin ɗinta kamar ana sassaƙa. Babanta kuma shi ne mai tike na kasuwarmu, wani dogon dattijo Bamange mai 'yar jakar fata a hammata. Ranar kasuwa yakan bi rumfa rumfa yana yaga tike yana karɓar 'yan dalolin sefa. Ya yi shekaru yana wannan aiki ba wanda ya ɗaga masa murya.

A shekarar nan abin ya sake. Komai ya yi tsada, mutane suka fara duban kowace dala sau biyu kafin su sake ta. Rumfunan mahauta sun zube tun damina, ba a gyara ba. Sai aka fara cewa, shin wannan tike da muke biya, ina yake tafiya? Da ba a sami mai amsa ba, sai aka ɗora wa wanda ido yake gani. Sarkin fawa, mutum mai ƙaton ciki da murya kamar ganga, shi ya fara faɗa a fili. Yana wasa wuƙa ya ce, "Baba, wannan sabuwar hular taka, rufin rumfata ce ko?" Aka yi dariya. Daga nan yara suka ɗauka. Abin ya kai dattijon ya daina tsayawa gaisawa bayan sallar Juma'a, yana sallamewa sai ya ɗauki takalmansa ya bi ta lungu.

Ta zaro takardu daga jakarta ta shimfiɗa a kan littattafaina.

"Ka ga wannan? Kasafin kuɗin shekara ne. Abin da ake sa ran samu, da inda za a kashe shi. Ni na buga shi da hannuna. Yana nan manne a jikin allo a barandar biro tun farkon shekara, kowa na iya zuwa ya duba. Awaki kaɗai suka kula shi, sun cinye gefe guda."

Ta ce ta nemi izinin babban sakatare a mayar da shi Hausa a karanta wa 'yan kasuwa, ya ce ai ba asiri ba ne, ta je ta gwada. Ita za ta fassara mini da baki, ni in rubuta, in karanta ranar kasuwa, don muryar namiji ta fi kai wa nesa.

"Ba na son komai," ta ce, "sai Baba ya koma yana tsayawa a ƙofar masallaci kamar kowa."

Kwana huɗu tana zuwa bayan la'asar. Takan zauna a kan buhun gishirin maƙwabcinmu, ta bi layi da yatsa tana cewa, wannan albashi ne, wannan man mota ne, wannan gyaran rijiyoyi ne. Babana yana auna yadi yana satar kallonmu. Ban taɓa jin daɗin yamma kamar na kwanakin nan ba. Rana takan sauka bayan tudun rairayi ta rina rufin kwano ja, raƙuman masu kanwa suna durƙushe a bayan kasuwa suna tuƙa, mai shayi yana fifita gawayi. Ita tana maganar man mota, ni ina jin kamar waƙa ake rera mini.

Nan na yi wautata. Da na zauna zan gyara rubutun, sai na ga maganarta ta bushe da yawa. A littattafan da na sani ba wanda yake cewa abu kai tsaye. Kuma a ƙasan zuciyata ina so ta ji abin da alƙalamina zai iya. Na sayi sabon kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, na sake rubuta komai da irin Hausar da nake ƙauna. Da ta nemi ta gani, na ce ta bari sai ranar, za ta sha mamaki.

Ta sha kuwa.

Ranar kasuwa da hantsi aka taru a gindin bishiyar bedi kusa da masu dabino. Sarkin kasuwa ya sa aka yi shela. Mahauta suka zo da wuƙaƙensu a ɗamara, da masu hatsi, da mata masu nono, da baƙin da suka zo daga Kelle da Gidigir. Dattijon ya zauna a gefe a kan tabarma, jakarsa a cinya, idonsa a ƙasa. 'Yarsa tana tsaye bayansa da takardun Faransanci. Na hau kan turmi da aka kife, na gyara murya.

Har yau ina tuna farkonsa. "Ya ku ma'abota wannan kasuwa mai albarka, ku sani dukiyarku tamkar raɓa ce da take sauka a kan furen al'umma, tana ratsa zukata masu ƙishirwa, tana share hawayen marayu..." Na yi shafi guda ban ambaci rumfa ko rijiya ba. Na ɗaga kai don in ga yadda abin ya ratsa su, sai na ga wata mai nono ta rufe baki da gefen zanenta, kafaɗunta suna rawa.

Sarkin fawa ya ce, "Kai ɗan Alhaji, tsaya. Wasiƙar budurwarka ka ɗauko bisa kuskure?"

Wuri ya fashe da dariya.

"Mu raɓa ba ta dame mu ba, ruwan sama ne yake dukan namanmu. Ina kuɗin rumfa?"

Wani daga baya ya ce, "Sun haɗa baki ne. Suruki yake wanke surukinsa." Wannan ta fi yi mini zafi, don na ga 'yar dattijon ta sunkuyar da kai. Na zo in wanke dattijo, sai ga shi na ƙara masa wani abin faɗa. Na sauka daga turmin, mutane sun fara juyawa za su koma rumfunansu.

Sai dattijon ya miƙe. Bai dubi kowa ba. Ya je wurin wata tsohuwa mai sayar da dabino, ya ciro kuɗi daga aljihun rigarsa, ba daga jakar tike ba, ya ɗaga su sama kowa ya gani, ya ce, "Yaya, auna mini tiya guda." Ta auna. Ya juye a kan tabarmarsa.

"Ni ban iya karatu ba, kun sani. Wannan tiya ita ce duk abin da biro take sa ran samu bana, da lanho da tike da komai. 'Yata za ta faɗa, ke kuma Yaya ki kasa mana, kamar yadda kike kasa wa masu saye."

Tsohuwar ta gyara zama. Ta yi shekara da shekaru tana kasa dabino, idonta ya fi ma'auni. Yarinyar ta dubi takarda, ta yi lissafi da leɓɓanta, ta faɗi abin da ya tafi albashin ma'aikata, da masu shara da direbobi da masu gadi. Tsohuwar ta ja kashi babba gefe guda. Aka yi guna-guni. Ta faɗi na man mota da gyaranta, aka ja. Ta faɗi na azuzuwan lakwal da maganin likita, aka ja. Waɗanda suka juya suka dawo. 

Da ta faɗi na rijiyoyin karkara, wani Bafillace daga wajen Alakoss ya jingina da sandarsa ya ce, "Ashe rijiyar da shanuna ke sha, da tiken sarkin fawa aka yashe ta? To na gode, Allah ya ƙara ciniki." Aka yi dariya, wannan karon ba ta mugunta ba.

Sai ta ce, "Gyaran kasuwanni." Ta faɗi adadin a hankali. Tsohuwar ta dube ta, ta sa yatsu uku ta ɗebo abin da bai rufe tafin hannun yaro ba, ta ajiye.

"Na Gure ke nan?" in ji sarkin fawa.

Yarinyar ta ce, "Na duk kasuwannin ƙasar Gure ne, Sarki. Har da Kelle da Gidigir."

Ya daɗe yana kallon ɗan kashin. Sannan ya nuna dattijon da haɓa. "Shi fa? Ina nasa?"

Ta duba, ta faɗi ladan masu tike gaba ɗaya. Tsohuwar ta ɗauki dabino guda, ta juya shi, ta ce, "Wannan ma ya yi yawa." Ta gatsa rabi ta cinye, ta ajiye rabin a gaban dattijon.

Har dattijon kansa sai da ya yi murmushi.

Wani mai hatsi ya ce takarda ma ai tana ƙarya. Yarinyar ta ce, "Ban ce ba ta yi ba, Kawu. Na ce ga abin da ta faɗa. Kowane tike yana da lamba, ana ƙirga gindinsa a biro duk mako, Baba ba ya iya ɓoye ko guda. In kuna ganin kashin kasuwa ya yi kaɗan, yanzu kun san abin da za ku je ku tambaya, kun kuma san ƙofar da za ku buga. Ba ƙofar gidanmu ba ce."

Sarkin fawa bai ce a yafe masa ba, ba irinsu ba ne. Ya tsuguna ya ɗauki dabino guda daga kashin albashi ya jefa a baki, ya ce, "Bari in ci na manya ko sau ɗaya." Da yamma aka ga an kai cinyar rago gidan dattijon, a naɗe cikin takardar siminti.

Ni kuwa na ɓuya a kanti kwana uku. A na huɗu ta zo ta tsaya bakin tebur. Na fara ba da haƙuri, ta katse ni.

"Wannan raɓar taka, a ina ka samo ta?"

"A kaina."

"To ka mayar da ita can. Ɗauko kaye, mu sake. Yadda aka kasa dabinon nan, haka za ka rubuta."

Muka sake, shafi guda tak. Ta buga shi a mashin, aka manna a jikin bedi da ƙofar tasha. Shi ne abu mafi gajarta da na taɓa rubutawa, kuma shi kaɗai na ga mutane sun tsaya a rana suna sa a karanta musu. Na rubuta mata wasiƙa ma a lokacin, shafi tara. Ban ba ta ba. Bayan shekara guda wani ma'aikacin likita, wato asibiti, ya aure ta, aka yi masa canjin wurin aiki, suka tafi yamma. Na yi baƙin ciki irin na littafi, da ƙin cin abinci da komai, na kwana biyu da rabi, har ranar da innata ta yi dambun zogale.

Dattijon ya ci gaba da yaga tike har gwiwoyinsa suka gaza. Bayan ya ajiye aiki da wasu shekaru, mahauta da masu hatsi suka gaji da jira, suka yanke shawarar yin karo-karo su rufe rumfunansu da kwano. Aka zauna a kan wanda zai riƙe kuɗin, kowa yana tsoron kowa. Sarkin fawa, wanda shi ma ya tsufa a lokacin, ya ce a kai wa Baba mai tike. Wata bakwai kuɗin suna ƙarƙashin shimfiɗarsa, har aka sayo kwano daga Damagaram. Dattijon ya rasu cikin wata damina, aka yi masa salla a ƙofar masallacin Juma'a. Ranar kasuwa ce, kuma har aka dawo daga maƙabarta ba mahaucin da ya rataye nama.